Ba A Cinikin Biri A Sama: Ko Ya Wajaba Ma'aikaci Ya Nuna Kayan Aikinsa?

A ƙarshen daminar 2023 dattawan ikkilisiyarmu a nan Ngong suka shirya a wanke majami'a, a yi mata sabon fenti kafin Kirsimeti. Wanda ya san garin nan ya san dalili. Muna bakin babbar hanyar da ta tashi daga Garwa ta nufi Ngaundare, wajen kilomita 50 kudu da Garwa, manyan motoci kuwa ba su fasa wucewa dare da rana. Ƙurar rani ta manne a bango, ruwan damina ya bi ta kanta ya bar zane ja, jemagu kuma sun ɓata ƙarƙashin rufin kwano. Mai fenti ya ce ba zai fara ba sai an wanke bangon, gama fentin da aka shafa a kan datti ba ya daɗewa.

Mutum biyu suka nemi aikin wankin. Kowannensu ya ce yana da injin nan mai feso ruwa da ƙarfi, irin wanda ake wanke motoci da babura da shi. Na fari ya zo daga Garwa, magidanci mai kamala. Ya faɗi kuɗinsa, ya ce a ba shi rabi kafin alƙalami. Na biyu saurayi ne ɗan garin nan, mai wankin babura a gefen hanya. Ma'ajinmu, wanda shi manomin auduga ne, ya ce wa kowannensu, "Muna so mu ga injin tukuna." Saurayin ya ce, "To, Baba, ku zo gobe da safe." Mutumin Garwa kuwa ya ɓata rai, ya juyo wurina ya ce, "Malam, in ka je asibiti kakan ce wa likita ya nuna maka almakashinsa kafin ya taɓa ka? Aiki kuke so, aiki za ku gani."

Maganar ta raba kan dattawa. Ɗaya ya ce mun ci mutuncin baƙo, domin neman ganin kayansa daidai yake da ce masa maƙaryaci. Har ya tuna mana da albarkar da Ubangiji ya sa wa waɗanda suka ba da gaskiya ba tare da sun gani ba. Ma'aji ya ce shi dai ba ya cinikin biri a sama da kuɗin baiko. Suka tambaye ni, ni kuwa ban sami amsa ba a daren nan. Abin da na yi ta tunani a kansa tun daga ran nan shi ne nake so in kawo wa 'yan'uwa. In mutum yana neman a ba shi aiki, wajibi ne ya nuna kayan aikinsa ga wanda zai biya shi, ko kuwa yana da iko ya ƙi?

Abin da ake saye

In manomi ya shiga kasuwar shanu ta Ngong neman san noma, yakan buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. Mai sayen masara yakan zura hannu har cikin buhu, don kada ta zama mai kyau a sama, mai ƙwari a ƙasa. Ranar awon auduga ma'auni a fili yake, manomi yana tsaye yana kallo. Ba mai sayarwar da ya taɓa cewa an zage shi don an duba hajarsa.

Amma aiki ya bambanta da sa ko masara, domin ranar da ake ciniki aikin bai wanzu ba tukuna. Abin da mai ba da aiki yake saye alkawari ne. Alkawarin nan kuwa yana zaune a kan abu uku, kamar tukunya a kan duwatsun murhu: halin ma'aikacin, da gwanintarsa, da kayan aikinsa. Hali sai an zauna da mutum akan san shi. Gwaninta sai an ga aikin da ya yi a baya, ko an tambayi waɗanda ya yi wa. Kayan aiki ne kaɗai ido zai iya dubawa cikin ɗan lokaci. Saboda haka baƙon da ya ce a ba shi rabin kuɗi, ya kuma ƙi nuna kayansa, ya rufe ƙofa ɗaya tak da take buɗe tsakaninsa da mutanen da ba su san shi ba.

Misalin likita yana da daɗin ji, amma bai zauna daidai ba. Likita ya yi shekaru a makaranta, yana da takardar shaida, hukuma ta san shi, asibiti yana tsaye a bayansa. Waɗansu sun riga sun duba shi a madadinmu. Har wa yau likitan kirki yakan bayyana wa mara lafiya abin da zai yi masa, ya nemi yardarsa ko ta danginsa kafin ya yi masa aiki. Mai wankin bango ba wanda ya duba shi a madadinmu. Idon mai ba da aiki shi ne ya tsaya a wurin takardar shaida.

Game da albarkar masu ba da gaskiya ba tare da gani ba, wannan magana ce a kan dogara ga Ubangiji wanda ya tashi daga matattu, ba a faɗe ta don ciniki ba. A cikin sura ɗin nan ma (Yahaya 20) Ubangiji da kansa ya nuna wa almajirai hannuwansa da kwiɓinsa tun ba su roƙa ba, bayan mako guda kuma ya nuna wa Toma wanda ya yi shakka. In shi wanda ba ƙarya a bakinsa bai ɗauki nunawa abin raini ba, mu da muke iya kuskure ba mu da dalilin ɗaukarta haka.

Abin da injin nan yake iya yi

Akwai aikin da kayansa ba su dami mai ba da aiki ba. In na kai wa tela yadi, ba ruwana da irin allurarsa, in dai rigar ta fito daidai. Amma akwai aikin da kayansa ne suke yanke ko dukiyata za ta gyaru ko za ta lalace. Injin wanki yana cikin wannan jeri, ya kamata kuwa mai karatu ya san dalili.

Wani Bajamushe mai suna Alfred Kärcher ne ya ƙera irin wannan inji mai ruwan zafi na farko a Turai a 1950, shi ya sa masu jin Faransanci suke kiran kowane irinsa da sunan nan. Aikinsa shi ne ya matse ruwa ya fitar da shi ta ƙaramar kafa. Ana auna ƙarfin matsin da ma'aunin da ake kira bar. Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota wajen bar 2 ce. Ƙananan injuna masu aiki da lantarki sukan kai bar 100 zuwa 150, manya masu shan fetur kuwa sukan wuce 200. Wato ruwan yana fita da ƙarfin da ya ninka na iskar taya sau hamsin, wani ma sau ɗari. Irin wannan ruwa yana iya huda fatar mutum. Yana tsage katako, yana cire filastar da ba ta ji siminti ba, yana kuma kore giris daga sarƙar babur ya tura ruwa cikin wayoyinsa, abin da 'yan acaba suka sani sarai.

Ba ƙarfin injin kaɗai ba ne abin dubawa. A bakin bindigar ruwan akwai ɗan ƙaramin kai da ake canzawa. Wani yana tara ruwan wuri ɗaya kamar tsinin mashi, wani yana baza shi kamar mafici. Inji ɗaya da kai mai baza ruwa zai wanke bango lafiya, da kai mai tsini kuwa zai rubuta masa tabo. Sai kuma maganar wuta. Lantarkin yankinmu yawancinsa daga madatsar ruwa ta Lagdo yake zuwa, wadda aka gama a kan kogin Binuwai a 1982, a shekarun da ruwa ya ja baya kuwa mun sha zama cikin duhu. Wanda injinsa na lantarki ne, in ba shi da janareta, ranar gama aikinsa ba a hannunsa take ba. Ga kuma ruwa. Babban inji yakan sha lita 10 zuwa 15 a minti ɗaya, wato duro mai lita 200 ba ya wuce minti 20. Duro ɗaya jarka goma ke nan. A ikkilisiyarmu kuwa matan zumunta ne za su ɗebo ruwan nan a ka.

To, ka gani, ɗan'uwa. Wanda bai ga injin ba bai san ko bangonsa zai tsira ba, bai san ko aikin zai ƙare kafin Kirsimeti ba, bai san kuma jarka nawa zai ɗora wa iyayenmu mata ba. Dokar Musa ta ce in mutum ya san sansa yana tunkuyi, aka gargaɗe shi bai tsare shi ba, alhakin ɓarnar yana wuyansa (Fitowa 21:28-29). Ta kuma umarci mai gina gida ya yi wa rufin soronsa rawani don kada wani ya faɗo (Maimaitawar Shari'a 22:8). Koyarwar ɗaya ce: wanda yake riƙe da abin da zai iya cutar maƙwabcinsa, shi ne ya kamata ya fara faɗakarwa. Ma'aikaci ya san injinsa, mai bango bai sani ba. Nauyin bayani yana kan wanda ya sani.

Hujjojin masu ƙin nunawa

Duk da haka ba daidai ba ne mu ɗauka duk wanda ya ƙi nuna kayansa macuci ne. Na ji hujjoji huɗu daga bakin masu sana'a, kowace kuwa tana da nauyinta.

Ta fari ita ce tsoron ɓarayi. Inji irin wannan jarin mutum ne na shekaru, wani ma bashi ya ci ya saya. A ƙasar da mutane suka koyi ɓoye abin hannunsu saboda 'yan fashi da masu satar mutane don kuɗin fansa, wanda ya kai baƙi ɗakin ajiyarsa yana iya zama ya nuna wa ɓarawo hanya. Wannan tsoro gaskiya ne. Amma abin da mai ba da aiki yake bukatar gani shi ne injin, ba inda injin yake kwana ba. Ana iya ɗora shi a babur a kawo wurin aiki da rana tsaka, ko a kira mutane inda ake wani aikin su tsaya su gani.

Ta biyu ita ce tsoron baki da hassada. Waɗansu sun gaskata in ido ya yi yawa a kan abu sai ya lalace. Ba na raina mai wannan tsoro, gama da shi aka goye mu. Amma mai bi ya riga ya miƙa kansa da sana'arsa ga Allah, ba shi da dalilin ɓoye inji don ido. Abin da na ga yana kashe inji shi ne gurɓataccen fetur na kwalba, da ruwa mai yashi, da rashin canza baƙin mai.

Ta uku ita ce asirin sana'a. Wani yakan ce in ya nuna, abokin hamayya zai kwaikwaya. Amma injin nan ana sayar da irinsa a kantunan Garwa, duk mai kuɗi zai saya. Asirin yana cikin hannu: nisan da za a tsaya daga bango, kan da za a sa, wurin da za a sassauta. Wannan ba a sace shi da kallo ɗaya.

Ta huɗu ita ce mafi ƙarfi, ita ce kuwa ta fi damuna. In aka mai da nuna kaya al'ada, talaka ne zai sha kunya. Mai sabon inji mai ƙyalli zai kwashe ayyuka, mai tsohon inji da aka yi wa walda sau uku kuwa a bar shi, ko da ya fi gwaninta. Ikkilisiyar da aka gargaɗe ta kada ta ba mai zoben zinariya wuri mai kyau ta bar matalauci a tsaye (Yakubu 2) dole ta ji tsoron wannan. Amma maganin wannan cuta ba ɓoyewa ba ne, gama ɓoyewa ta fi taimakon mai daɗin baki a kan mai gwaninta. Maganinta shi ne a gyara yadda ake nunawa, a kuma gyara yadda ake kallo.

Nunin da ba na gaskiya ba

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labari biyu na mutanen da suka nuna kayansu, abin ya zama zunubi.

Na fari na Sarki Hezekiya ne (2 Sarakuna 20:12-19). Sa'ad da ya warke daga ciwo, jakadu suka zo daga Babila su gaishe shi. Ya zaga da su ya nuna musu azurfa da zinariya, da kayan yaji, da mai mai tsada, da ɗakin makamai, bai bar kome ba. Annabi Ishaya ya zo ya tambaye shi abin da baƙin suka gani, sa'an nan ya faɗa masa rana tana zuwa da za a kwashe dukan kayan nan zuwa Babila. Haka kuwa ya faru bayan shekara ɗari da 'yan kai. Jakadun nan ba su zo ba shi aiki ba, ba su da wata bukata ta ganin taskarsa. Ya nuna don a girmama shi. Ma'aikacin da yake jera kaya don ya rufe bakin mai tambaya, har mutum ya ji kunyar yin ciniki, yana bin sawun Hezekiya. Abin da ya shafi aikin shi ne hakkin mai ba da aiki, sauran kuwa fahariya ce.

Na biyu na mutanen Gibeyon ne (Joshuwa 9). Suna zaune kusa, amma suka so Isra'ilawa su zaci daga nesa suka fito. Suka ɗauki tsofaffin buhuna, da salkunan da aka yi wa faci, da takalman da suka sha ɗinki, da busasshiyar gurasa, suka nuna wa Joshuwa da shugabanni. Shugabannin suka duba guzurin, har suka taɓa, amma ba su nemi shawarar Ubangiji ba, suka ƙulla alkawari. Bayan kwana uku gaskiya ta fito. A nan an nuna kaya, an kuma gani da ido, duk da haka an yi ruɗi, domin kayan ba su faɗi gaskiyar masu su ba.

Na ga irin wannan da idona a wani ƙauye inda na yi aikin katekis a dā. Jama'a suka tara kuɗin rijiyar burtsatse. Wani ya zo ya nuna musu hoton babbar motar haƙa a wayarsa, yana tsaye kusa da ita. Suka ba shi kafin alƙalami. Ashe motar ta wani ce, shi dillali ne kawai, mai motar kuwa bai ma san da maganar ba. Shekara biyu aka yi ana bin kuɗin. Hoto ba nuni ba ne. Haya kuma ba laifi ba ce, masu sana'a da yawa da kayan haya suka fara, Allah ya sa musu albarka. Laifin shi ne mutum ya bar a zaci nasa ne, ko ya nuna babban inji ranar ciniki ya zo da ƙarami ranar aiki. Wannan daidai yake da ajiye mudu biyu a gida, babba na saye, ƙarami na sayarwa, abin da Allah ya ce yana ƙyama (Maimaitawar Shari'a 25:13-16). Zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka nuni na gaskiya yana da sharaɗi uku. A nuna ainihin kayan da za a zo da su. A nuna su suna aiki. A kuma faɗi abin da ba su iya yi.

Nauyin da ke kan mai kallo

Mai ba da aiki shi ma yana da nasa nauyi. Sa'ad da Dawuda ya ce zai fita ya kara da Goliyat, Sarki Saul ya sa masa kwalkwalinsa na tagulla da sulkensa da takobinsa. Dawuda ya gwada tafiya ya kasa, gama bai saba da su ba, sai ya tuɓe, ya ɗauki sandansa da majajjawa da duwatsu biyar daga rafi (1 Sama'ila 17). Da a ce ƙyallin kaya ne ma'auni, da ba wanda zai bar yaron nan ya fita. Amma mu lura, Dawuda bai ce wa sarki kada ya tambaye shi ba. Ya ba da labarin zaki da beyar da ya kashe yana kiwon tumakin mahaifinsa. Ya kawo shaidar aikin da ya riga ya yi, kayansa kuwa a fili suke a hannunsa.

To, wanda ya nemi a nuna masa, sai ya kalla da adalci. Kada ya raina tsatsa, kada fenti ya ruɗe shi. Ya nemi a gwada a ƙaramin wuri, a bayan gini inda ido ba ya kaiwa. Ya tambayi gidajen da aka yi wa aiki. In gwajin ya ci fetur, ya biya kuɗin fetur ɗin, gama ma'aikaci ya cancanci hakkinsa ko da ba a ba shi aikin ba. Abin da ya gani kuma amana ce, kada ya fita yana tallar cewa wane yana da kaza a ɗakinsa, ko injin wane ya tsufa. Ya kuma nemi gani da ladabi. Akwai bambanci tsakanin "Ba mu yarda da kai ba" da "Kuɗin nan ba namu ba ne, za a tambaye mu."

Wannan na ƙarshe shi ne ainihin matsayinmu a ranar. Kuɗin wankin daga baikon godiya na kaka ya fito: mudun gyaɗar gwauruwa, da kazar tsohuwa, da ɗarin ɗan makaranta. Manzo Bulus, sa'ad da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai ce a amince da shi don shi manzo ne ba. Ya yarda ikkilisiyoyi su zaɓi wanda zai raka kuɗin, don kada kowa ya sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21). Ma'ajinmu bai yi rashin bangaskiya ba. Ya riƙe amana ne.

Yadda maganar ta ƙare

Kashegari muka je wurin saurayin. Injinsa tsoho ne mai shan fetur, an ɗaure tiyonsa da roba a wuri biyu, sai da ya ja igiya sau huɗu kafin ya tashi. Ɗaya daga cikin dattawa ya girgiza kai. Yaron ya ce, "Baba, ku bari in kawo shi majami'a mu gwada a baya."

Majami'armu kashi biyu ce. Gaba da bulo da siminti aka gina, baya kuwa tsohon gini ne na tubali da aka yi wa filasta siririya. Ya sa kai mai baza ruwa, ya ja da baya, ya fesa a gindin tsohon bangon. Filasta kamar faɗin tafin hannu ta ɓare ta faɗi, jar ƙasa ta fito. Ya kashe injin nan da nan ya ce, "Malam, wannan bango ba na inji ba ne. In na wanke shi da wannan, sai kun sake filasta duka. A sa matasa su goge shi da burushi da ruwa kaɗan. Ni zan yi gaba, da baranda, da daɓe." Da maganar nan ya rage wa kansa kusan rabin kuɗin aikin. Muka ba shi abin da ya ce zai iya, matasan ikkilisiya suka goge baya a Asabar biyu, matan zumunta kuma suka ɗebo ruwan da bai kai rabin abin da za su ɗebo ba.

Na koma gida ina ganin mutumin Garwa macuci ne, Allah ya tsare mu da shi. Bayan wata uku na gamu da shi a tashar mota, muka gaisa, na tambaye shi dalilin fushinsa a ranar. Ya ce, "Malam, inji na biyu ke nan. Na farko, waɗansu suka zo suka ce za su ba ni aiki, na kai su shago suka gani. Kwana huɗu aka fasa shagon." Na ji kunya ƙwarai, gama na yanke masa hukunci a zuciyata ba tare da na ji ta bakinsa ba. Na roƙe shi gafara, ya yafe. Na kuma faɗa masa labarin tsohon bangon. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce injinsa ya fi na yaron ƙarfi nesa, da kuwa ya fara daga baya da safe kafin kowa ya zo, da ɓarnar ta yi yawa. Mutumin kirki ne, yana kuma da dalili. Amma da mun bi maganarsa, da shi da mu duka mun yi hasara, shi ya rasa suna, mu mu rasa bango.

Amsata ga dattawa, wadda ban iya ba su a daren nan ba, ita ce wannan. I, ya wajaba ma'aikaci ya nuna kayan aikinsa, in kayan nan ne za su taɓa dukiyar wani, balle in yana neman kuɗi kafin aiki. Yana da iko ya zaɓi wuri da lokaci, yana da iko ya ɓoye ɗakin ajiyarsa. Amma ba shi da iko ya ce wa mutum ya sa bangonsa da kuɗinsa a ƙarƙashin abin da bai gani ba. Mai bi kuwa ya kamata ya riga mai tambaya, ya ce "Zo ka gani" tun ba a nema ba, ya kuma faɗi iyakar abin da kayansa suke iyawa, ko da faɗin zai rage masa riba.

Maganar ba ta tsaya kan masu wanki ba. Cikin ikkilisiyoyinmu akwai magina, da masu feshin gona, da masu hayar shanun noma, da masu injin niƙa, da masu haƙa rijiya. Akwai kuma mu masu hidimar ikkilisiya, waɗanda jama'a suke ba mu kuɗinsu da 'ya'yansu. Bayan abin nan ya faru na tambayi kaina ko ni ma ina ɓata rai in an ce in nuna littafin lissafi. Na tarar ina yi. Tun daga Janairu 2024 muka shirya da ma'aji, ran Lahadin farko na kowane wata ana ajiye littafin baiko a buɗe a kan tebur bayan sujada, duk mai so ya duba. Mutane kaɗan ne suke dubawa, amma gunagunin da muke ji a dā ya ragu.

Allah ya ba mu zuciyar da ba ta jin tsoron a duba aikinta, ya kuma ba mu idon da zai duba na maƙwabci da adalci. Amin.